Matsayin Niyya A Shari'ar Masu Cin Kasuwa Da Labarin Asiri

A wannan mako za mu duba wata mas'ala wadda alƙalan Amurka da na ƙasashen Turai suka shafe kimanin shekara 50 suna kai-kawo a kanta, watau matsayin niyya a laifin cin amanar kasuwa. Idan mutum ya saya ko ya sayar alhali yana riƙe da labarin da abokin cinikinsa bai sani ba, sa'an nan ya rantse cewa bai yi nufin cutar kowa ba, shin rantsuwar tasa ta isa ta fisshe shi? Wannan tambaya ta shafi ɗan kasuwa, ta kuma shafi ma'aikacin gwamnati wanda takardun asiri suke ratsawa ta teburinsa, kuma malaman fiƙihu sun riga sun yi magana a kan irinta tun da daɗewa.

Sai mu fara da bayanin laifin kansa. Babban kamfani akan rarraba mallakarsa ƙanana-ƙanana, kowane yanki shi ake kira hannun jari, ana saye ana sayarwa a kasuwa ta musamman. Farashin hannun jari kuwa labari yake bi. In an ji kamfani ya ci riba, ko wani babba zai saye shi, sai farashi ya hau. In an ji ya tafka hasara sai ya faɗi. To, akwai mutanen da aikinsu yake sa su san labarin tun bai fita ba, kamar daraktoci da akantoci da lauyoyi da ma'aikatan banki. Idan ɗayansu ya riga jama'a zuwa kasuwa da wannan sani, shi ne cinikin asiri. Laifi na biyu shi ne murɗa farashi da tayin ƙarya ko jita-jita, don mutane su zaci kaya suna da daraja ko rashin darajar da ba haka take ba.

Yadda Amurka Ta Ɗauki Al'amarin

Tushen hukunci a Amurka shi ne dokar kasuwar hannun jari ta 1934, da wata ƙa'ida da hukumar kula da kasuwar ta fitar a 1942, wadda ta hana zamba da yaudara a saye da sayarwa. Da yake kalmar zamba aka yi amfani da ita, dole aka tambaya ko ana iya yin zamba ba da nufi ba. Kotun Ƙoli ta amsa a 1976, a ƙarar da wasu masu zuba kuɗi suka kai kamfanin akantoci na Ernst & Ernst suna cewa ya yi sakaci wajen binciken littattafan wani dillali a birnin Chicago wanda ya cinye musu dukiya. Kotu ta ce sakaci kawai bai isa ba, sai an nuna nufin yaudara.

A 1980 kotun ta ƙara wani sharaɗi. Vincent Chiarella ma'aikaci ne a wata maɗaba'a ta birnin New York inda ake buga takardun kamfanonin da suke shirin sayen wasu. Akan ɓoye sunayen, amma shi da basirarsa yakan gano su, ya je ya sayi hannun jarinsu, har ya sami ribar da ta ɗara dala 30,000 cikin wata 14. Babu mai shakkar cewa da gangan ya yi. Duk da haka Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yanke masa, bisa hujjar cewa babu wata amana tsakaninsa da waɗanda suka sayar masa wadda za ta wajabta masa ya gaya musu abin da ya sani. Sai a 1997 aka toshe wannan kafa, a shari'ar lauya James O'Hagan, wanda ya san cewa wani kamfanin Ingila da ofishinsu yake yi wa aiki yana shirin sayen kamfanin Pillsbury, ya ci ribar fiye da dala miliyan 4.3. Kotu ta ce ya ci amanar masu labarin, watau ofishinsa da wanda ofishin yake yi wa aiki, kuma wannan ya isa laifi.

Ke nan a wurinsu abu biyu ake nema, mugun nufi da cin amana. Amma sai wata wahala ta ɓullo. Wanda aka kama yakan ce lalle ya san labarin, sai dai ba saboda shi ya sayar ba, bashi ne ya taso shi. Yaya mai gabatar da ƙara zai ƙaryata wannan, tun da ba zai tsaga ƙirjin mutum ya duba ba? Saboda haka a shekarar 2000 hukumar ta kafa ƙa'ida cewa muddin mutum yana sane da labarin a lokacin da ya yi cinikin, za a ɗauka a kansa ya dogara. Mafitarsa ita ce ya nuna rubutaccen shiri wanda ya tsara tun kafin labarin ya zo masa, mai faɗin yawan abin da za a sayar da lokacin sayarwa. Da aka ga wasu suna wasa da wannan rangwame, a 2022 aka gyara shi, aka ce darakta ko babban jami'i sai ya jira aƙalla kwana 90 bayan ya rubuta shirin kafin a fara zartar da shi.

Ƙofa Biyu A Ingila Da Turai

Ingila ta mai da cinikin asiri laifin ɗauri a 1980, ta sabunta dokar a 1993. A ƙarƙashinta ba a ɗaure mutum sai an tabbatar ya san cewa labarin na asiri ne, ya kuma san daga cikin gida ya fito. In kuwa ya nuna cewa ko babu labarin da haka zai yi, ya kuɓuta. Iyakar ɗaurin shekara 7 ne a da, aka mai da shi 10 a 2021. To, tabbatar da abin da ke cikin zuciya a gaban kotun manyan laifuffuka aiki ne ja, waɗanda aka samu da laifi kuwa 'yan kaɗan ne. Don haka a dokar shekarar 2000 aka buɗe ƙofa ta biyu, inda hukumar kula da harkokin kuɗi take cin mutum tara ko ta hana shi sana'ar, ba tare da ta tabbatar da mugun nufi ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙarfafa wannan a 2010, a shari'ar kamfanin dillanci na Winterflood wanda aka ci tarar fam miliyan 4.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na David Einhorn, wani attajirin Amurka mai juya kuɗin jama'a. A ranar 9 ga Yuni, 2009, an yi magana da shi ta wayar tarho game da kamfanin Punch Taverns na Ingila, wanda kamfaninsa yake riƙe da kashi 13.3 cikin ɗari na hannun jarinsa. Ya faɗa tun farko cewa ba ya son a ba shi labarin asiri, amma a cikin zancen aka bayyana masa cewa kamfanin ya yi nisa a shirin fitar da sababbin hannayen jari don neman kuɗi, abin da yakan karya farashi. Mintoci kaɗan bayan an ajiye waya ya ba da umurni a sayar. Da labarin ya fita ranar 15 ga watan, farashi ya faɗi da kusan kashi 30 cikin ɗari, shi kuwa ya tsira daga hasarar kimanin fam miliyan 5.8. Hukumar ta yarda cewa ba da gangan ya karya doka ba, domin bai ɗauka abin da ya ji asiri ne ba. Duk da haka a 2012 ta ci shi da kamfaninsa tarar kimanin fam miliyan 7.2, ta ce mutum mai ƙwarewarsa ya kamata ya gane.

A Tarayyar Turai ma haka al'amarin ya gudana. Kamfanin Spector na ƙasar Beljiyam ya sayi nasa hannayen jari a 2003 don ya cika alkawarin da ya yi wa ma'aikatansa, ba da jimawa ba ya fitar da labarai masu daɗi, farashi ya hau. Hukumar ƙasar ta ci kamfanin tarar Yuro 80,000, ta ci wani jami'insa 20,000. Da magana ta kai Kotun Turai, a watan Disamba na 2009 ta yanke cewa ɗan cikin gida da ya yi ciniki yana riƙe da labarin asiri, za a ɗauka ya yi amfani da shi, sai fa in ya kawo hujjar da ta kore wannan zato. Dokar Tarayyar ta 2014 ta tafi a kan haka. Amma a wannan shekarar dai, da aka zo batun ɗauri, sai aka wajabta shi ga laifi mai girma wanda aka aikata da gangan. Watau niyya sharaɗi ce idan za a taɓa jikin mutum da 'yancinsa, in kuwa maganar tsare kasuwa ce da ƙwace haramtacciyar riba, ana duba aikin ne da abin da ya haifar.

Abin Da Malaman Fiƙihu Suka Faɗa

Mai karatu zai iya cewa, ashe ba hadisin niyya ne Imamu Buhari ya buɗe littafinsa da shi ba? Yaya za a hukunta wanda bai yi nufi ba? Amsa ita ce malamai sun bambanta tsakanin zunubi da lamuni. Zunubi da lada suna bin niyya, kuma wannan tsakanin bawa ne da Ubangijinsa. Amma a kan dukiyar mutane, ƙa'idar da aka sani ita ce ganganci da kuskure ɗaya suke wajen biya. Wanda ya fasa tulun maƙwabcinsa bisa tuntuɓe ba shi da zunubi, amma zai biya tulu.

Mas'alar da ta fi kama da cinikin asiri ita ce tarbon ayari. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a fita a tari fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa, kuma a ruwayar Muslim an bai wa mai kayan zaɓi idan ya iso kasuwa. Mai tarbo ya san farashin gari, baƙo bai sani ba, ribarsa kuwa daga wannan rashin sani take fitowa. Ibn Rushd ya bayyana a Bidayatul Mujtahid cewa Imamu Shafi'i ya ɗauki hanin a kan kare mai kaya ne daga cuta, Imamu Malik kuwa ya ɗauke shi a kan kare mutanen kasuwa, kada mutum ɗaya ya keɓanta da araha. Abin lura a nan, waɗannan fahimtoci biyu sun yi kama da rarrabuwar da muka gani a sama: Amurka tana neman wanda aka ci amanarsa, Turai tana duban lafiyar kasuwa gaba ɗaya.

Har ila yau malaman Shafi'iyya sun tattauna batun wanda ya fita don wata buƙata tasa, kamar farauta, ya ci karo da ayari ya saya, ba tare da ya fito da nufin tarbo ba. Sun sami ra'ayi biyu, kuma wanda Imamu Nawawi ya ce ya fi inganci a wurin mafi yawansu shi ne hanin ya hau kansa, domin dalilin hanin yana nan ko ya yi nufi ko bai yi ba. Wannan fa ita ce mas'alar Einhorn, ba ragi ba ƙari.

Dangane da ɗora wa wanda ake tuhuma nauyin kawo hujja kuwa, mazhabar Malik tana da babi sananne na lamunin masu sana'a. Asali wanda aka ba ajiya amintacce ne, ana gaskata shi in ya ce ta ɓata. Amma tela ko marini da ya karɓi kayan mutane ya tafi da su inda mai kaya ba ya gani, in ya ce sun salwanta, zai biya, sai fa in shaidu sun tabbatar ba laifinsa ba ne, a bisa mashhurin zance. Ba don an ɗauki kowane tela ɓarawo ba ne. Dalili shi ne jama'a ba su da makawa sai sun kai ɗinki, kuma ba su da hanyar sanin abin da ya faru a bayan idonsu, to da an bar maganar a kan rantsuwa kawai da dukiyoyi sun salwanta. Irin wannan dalili ne Kotun Turai ta dogara da shi a shari'ar Spector. Haka kuma game da ɓoye kaya, abin da aka ruwaito daga Malik a Mudawwana shi ne ana hana shi idan ya cutar da kasuwa, in bai cutar ba babu laifi, watau ma'aunin shi ne cutarwa.

Inda Niyya Ita Ce Laifin

Kada a ɗauka daga wannan cewa niyya ba ta da aiki. Akwai laifin da ba a iya gane shi sai da ita, shi ne kore, wanda ake kira najashu da Larabci: mutum ya ƙara tayi a kan kaya alhali ba ya son saye, don wani ya biyo shi ya faɗa. Tayin mai kore da tayin mai saye na gaskiya kamanninsu ɗaya a kunne, abin da ya raba su yana cikin zuciya. A Muhtasar na Shaihu Halil, idan mai kaya ya san da koren, mai saye yana da ikon mayar da kaya, in kuwa sun riga sun salwanta sai ya biya ƙimarsu.

Kore ya dawo a wannan zamani da sabuwar riga. Ɗan kasuwa yakan sa kwamfuta ta jefa manyan tayi a kasuwa don a zaci masu saye sun yi yawa, farashi ya motsa, ya ci ribarsa ta ɗaya gefen, sa'an nan ta janye tayin cikin ƙiftawar ido. Dokar Amurka ta 2010 ta hana wannan, kuma ta siffanta shi da niyya ƙarara: yin tayi da nufin janye shi kafin a sallama. Janye tayi shi kaɗai ba laifi ba ne, domin kullum 'yan kasuwa na gaskiya suna sake shawara. Mutumin farko da aka samu da wannan laifi a kotu shi ne Michael Coscia, a birnin Chicago a 2015, wanda ya tara kimanin dala miliyan 1.4 cikin 'yan makonni a 2011, aka ɗaure shi shekara 3. Ya ce shi da gaske yake tayinsa. Amma wanda ya tsara masa aikin kwamfutar ya ba da shaida cewa an gina ta ne don ta janye manyan tayin kafin a karɓe su, lissafin cinikinsa kuma ya nuna haka. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska; a nan fuskar ita ce tsarin da ya sa a rubuta masa. Alƙali ba ya ganin niyya, alamominta yake karantawa, kamar yadda Malikiyya suke hana wasu cinikayyar jinkiri saboda abin da mutane suka saba nufi da su, ko da wannan mai cinikin ya ce shi bai nufa ba.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Wani ɗan kasuwa zai ce, ai kasuwa duk sani ce, wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. Gaskiya ne, kuma babu doka ko mazhabar da ta hana mutum cin amfanin wahalarsa. Wanda ya zaga ƙauyuka ya ga damina ta yi kyau, ya lissafa cewa hatsi zai yi araha, saninsa halal ne, domin ƙofar da ya bi a buɗe take ga kowa. Sanin da ake magana a kansa shi ne wanda kujera ta ba ka, ko aka ba ka amanarsa, ko wani mai kujera ya raɗa maka.

Ma'aikata su dubi abin da ya zo a Muwaɗɗa game da Abdullahi da Ubaidullahi, 'ya'yan Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da su. Suna dawowa daga Iraƙi sai gwamnan Basra, Abu Musa al-Ash'ari, ya ba su kuɗin baitulmali da za a kai Madina, a kan su sayi kaya da su, su sayar a can, su miƙa uwar kuɗi su riƙe riba. Umar ya tambaya ko duk rundunar aka yi wa haka. Da suka ce a'a, sai ya ce don su 'ya'yan Sarkin Musulmi ne aka ba su, ya nemi uwar kuɗi da riba duka. Ubaidullahi ya kawo hujja cewa da kuɗin sun salwanta su za su biya, daga ƙarshe aka mai da abin ƙirali, baitulmali ya karɓi rabin riba. Babu wanda ya tuhumi waɗannan bayin Allah da mugun nufi. Abin da Umar ya duba shi ne dama ce da sauran mutane ba su samu ba.

A Nijeriya ma dokar zuba jari ta 2007, da wadda ta maye gurbinta a 2025, duk sun hana cinikin asiri, kuma kasuwar hannun jari ta Legas tana da lokutan da take hana daraktoci da makusantansu ciniki kafin a bayyana sakamakon kamfani. Amma ma'anar ta wuce hannun jari. Jami'in da ya san inda za a fitar da sabon titi ya tura ƙanensa ya saye filayen wurin, da wanda ya san za a hana shigo da wani kaya ya raɗa wa surukinsa ya cika sito, duk tarbon ayari suke yi, ko da kuwa kowannensu zai ce taimakon zumunci ya nufa.

Saboda haka wanda asiri ya zo hannunsa ta hanyar aiki, ya ɗaure hannunsa da bakinsa har labarin ya zama na kowa. In yana da buƙatar sayarwa ta gaskiya, ya rubuta ta tun da wuri ya sanar da wanda ya kamata, don ta zame masa shaida. In kuwa ya riga ya ci irin wannan riba bisa rashin sani, kyakkyawar niyyarsa muna fatan ta ɗauke masa zunubi, amma ba ta mai da haƙƙin wani nasa ba, sai ya nemi hanyar mayarwa. Allah Ya tsarkake mana niyyoyinmu da dukiyoyinmu, Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, amin.